Gahawar Dakta, Tsakanin Gari da Tsaki

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta da alayensa da sahabbansa.

Daga mahaifinka Malam Isiyaku na Gwaram, mai gona uku da fadama ɗaya, wanda ladan ke leƙawa ya ga ko ya iso kafin ya ta da iƙama, zuwa ga wanda ya bar gida ran Asabar da jaka a kafaɗa, yake aiki yanzu a gidan Dakta a Birnin Kudu. Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina fata takardar nan ta same ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Allah ya tsare ka daga sharrin hanya da sharrin baki da sharrin abokin banza.

Ka san ban taɓa kiran sunanka ba tun ranar da aka raɗa maka shi, don kai ne na fari, kuma ba a takarda zan fara ba. Duk inda ka ga na ce "kai", da kai nake. Innarka tana gaishe ka, ko da yake in aka tambaye ta za ta ce ba ta ce ba. Kada ka yi mamakin rubutun boko. Ƙanenka Nafi'u na sa ya riƙe biro ina faɗa yana rubutawa, yaron da bai taɓa zama a benci ba, a waya kawai ya koya, ga shi layinsa ya fi na wasu masu takardar sakandare miƙewa. Ban ambaci sunan kowa ba.

Shekaranjiya da la'asar da ka kira wayarsa, ka zaci da shi kaɗai kake magana. Ya buɗe muryar wayar. Ina kan tabarma ina gyaran igiyar akuya, Innarka tana tsintar wake, mun ji komai. Mun ji cewa Dakta ya ɗauke ka gwaji na mako biyu, ya yaba shararka da gugarka har da miyarka, amma gahawar safe ta gagare ka. Kwana uku a jere yana kurɓa sau ɗaya ya ture kofin. Mun ji ya ce in Juma'a ta zo ba ta gyaru ba zai gwada wani, kuma mai gadin gidan yana da ɗan ƙane a Kangire da ya riga ya wanke rigarsa yana jira. Ka ce ƙwayar gahawa soyayya yake sayowa, akwai ɗan injin hannu mai noti da ake niƙa ta, sai mazurari da ake shimfiɗa wa takardar tacewa, a zuba garin, a zuba ruwan zafi, ya riƙa ɗiga cikin tulun gilashi. Ka ce naka ruwan tsayawa yake ya ƙi sauka.

Ban ɗaga kai ba a lokacin. Amma wannan mazurarin na san shi tun kafin a san za a haife ka, kuma ya taɓa kayar da ni. Don haka zauna ka karanta.

Ina ango, wata huɗu da kawo Innarka, wani kamfani ya zo gyaran hanya ya kafa sansani a bakin daji tsakaninmu da Birnin Kudu. Babban injiniyansu wani Bature ne dogo mai jan wuya. Leburori suna ce masa Talotalo, shi kuma yana ɗaga musu hannu. Kukunsa wani dattijo ne, Baba Audu. Zai tafi garinsu aurar da 'yarsa, ya nemi wanda zai riƙe masa wuri na wata ɗaya, aka nuna ni don na iya dafa shinkafa ba ta caɓe ba. Ranar da zai tafi ya nuna mini yadda ake haɗa gahawar Baturen, sau ɗaya tak, ina hamma, hankalina yana kan sabon wandon kaki da aka ba ni. Ya rage mini 'yar kaɗan a gindin kofi na kurɓa. Har yau ina jin ta a bakina: ɗaci kaɗan mai daɗi, ƙamshi kamar ana suyar gyaɗa a maƙwabta, ba tsaki ko ɗaya a harshe. Ya tambaye ni ko na gane, na ce ƙwarai. Ban gane komai ba. Ya naɗe ɗan injin niƙansa na ƙarfe a cikin zane, don nasa ne, ya hau mota. Ya bar ni da mazurari da turmi.

Kuskuren farko ke nan, kuma shi ya haifi sauran. Kai ma na san halinka, gado ne. In babba ya tambaye ka ko ka gane, kanka ke amsawa kafin ƙwaƙwalwarka ta iso. Ka je wurin Dakta ranar da ba ya sauri, ka rusuna ka ce, ranka ya daɗe, a sake nuna mini. Ba wanda aka taɓa kora don ya nemi a sake nuna masa. In ya niƙa da hannunsa, ka ɗebi kaɗan ka ƙulle a takarda ka ɓoye, ya zama ma'auninka.

Gahawar da na sani a lokacin ita ce ta alhazai, wadda ake dakawa liƙis da citta da kanumfari, a tafasa a buta, a tsiyaya a finjali, garin ya kwanta a ƙasa. Na ce ai gahawa gahawa ce. Na zage damtse na daka ta Bature har taɓarya ta yi zafi, na tankaɗe, ta fito kamar kwalli. Na ji daɗin kaina. Da safe na zuba a takarda, na zuba ruwa, sai ruwa ya zauna. Ya zauna kamar kududdufin bayan gari a tsakiyar damina. Ɗigo ɗaya, sai a jira, sai wani ɗigon. Bature yana zaune a inuwa yana kaɗa ƙafa yana duba agogo. Da na ga abin ba na ƙarewa ba ne, na zaro tsinken tsintsiya na soka wa takardar a gindi don in taimaka mata. Ta fashe, komai ya zube cikin tulu gaba ɗaya, ruwa da laka. Na juye a kofi na kai masa da hannu biyu. Ya kurɓa. Ya buɗe baki zai yi magana, na ga haƙoransa baƙi ƙirin kamar ya ci gawayi.

To ka ji ciwonka. Gari mai laushi yana toshe takarda kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa. Ruwa in ya daɗe zaune a kan gahawa, sai ya kwaso duk ɗacin da ke cikinta, ta koma jiƙon maɗaci, ta busar da baki. Kana matse notin injin nan har ƙarshe don ka ga gari ya yi kyau a ido. Ba tuwo za ka tuƙa ba. Sassauta shi. Kuma ko me ya faru kada ka soki takarda da komai, ko da Dakta na tsaye a kanka.

Washegari na ce tunda laushi ne laifin, to mu koma ɗaya gefen. Na zuba ƙwaya a turmi na ba ta taɓarya uku kawai, ta farfashe kamar tsakin kaji. Na zuba ruwa. Kafin in ajiye buta ya wuce, kamar an zuba a kwando. Abin da ya taru a ƙasa ja-ja ne tsululu, kana hango gindin kofi. Na san in na kai wannan za a yi magana. Sai dabara ta zo mini, irin dabarar da ba ta zuwa wa mutum sai zai ji kunya. Na ƙona sukari a cokali har ya yi baƙi, na dama a ciki. Launi ya fito sosai. Bature ya ga kofi ya yi murmushi, har ya ce mini wata kalma da nake jin yabo ce. Ya kurɓa, murmushin ya tsaya a inda yake. Ya daɗe yana kallona, ni kuma ina kallon wata bishiyar kuka da ke bayansa.

Ɓarzajjen da ya yi girma ruwa ba ya samun abin kamawa a jikinsa. Wucewa yake ya ɗauko tsami kawai ya bar daɗin a baya. Saboda haka da na ce ka sassauta noti, ban ce ka kwance shi ya faɗo ba. Murɗa ɗaya, ka gwada. In bai yi ba, gobe ka ƙara ɗaya. Kuma ranar da ka taɓa noti kada ka taɓa yawan garin ko yawan ruwan, don in ka canja abu uku a tare ta gyaru ko ta ɓaci, ba za ka san wanne ne ya yi aikin ba. Maganar ƙonannen sukari kuwa, ka bar ta a nan inda ka karanta ta. Mai shan abu kullum harshensa ba ya ruɗuwa da launi. Gara ka kai masa mara kyau ka ce ranka ya daɗe yau ma ban dace ba, da ka kai masa ƙarya a kofi.

Nafi'u ya tsayar da ni a nan ya ce hannunsa ya gaji. Na ba shi izinin ɗaukar takalminka na ƙwallo da ka bari a ƙarƙashin gado, ladan rubutu. Umarnina ne, ba na son jin wata magana a kai.

Yanzu ga babbar, wadda har yau in tsofaffin leburorin nan suka haɗu a wurin ɗaurin aure sai sun tayar da ita. Na zauna na yi tunani na ce laifin turmi ne. Baba Audu da inji yake yi, ni ma inji zan nema. Ranar kasuwar Gwaram na ɗauki jakar gahawar Bature gaba ɗaya, wadda aka ce daga ƙasarsu ake aiko masa, na ɗaure a bayan keke na tafi wurin mai injin niƙa. Layi ya yi tsawo, na ce aikin kamfani ne, aka matsa mini na shiga gaba. Matar da ke gabana ta gama kwashe nata ke nan. Ban tambayi me ta niƙa ba. Ashe yajin jego ne, barkono da citta da masoro, mudu guda. Na dai tambayi mai inji ko ya share, ya ce sosai ma. Ya sunkuya ya hura bakin injin sau ɗaya, ya buga masa tafin hannu a gefe, ya ce in zuba. Na zuba.

A hanyar dawowa ina ta atishawa, na ce sanyin safiya ne. Da gari ya waye na haɗa, ruwa ya sauka ba laifi, na ce yau kam Allah ya yi. Bature ya kurɓa babba, don ya kwana biyu bai sha ta kirki ba. Wuyan nan nasa da ma ja ne, ya koma kamar gauta. Ya miƙe, kujera ta faɗi, ya ruga wurin randar leburori ya tsoma kai. Aiki ya tsaya cak. Direban katafila ya kashe injinsa don ya ji daɗin kallo. Wani daga cikinsu ya ɗaga murya ya ce, "Isiyaku, Allah ya raya abin da Bature ya haifa." Dariyar da aka yi ranar har shanun da ke kiwo a gefe sai da suka ɗago kai.

Injin gahawa na gahawa ne kaɗai. Ko Dakta ba ya nan, ko ana sauri, kada ka jefa masa citta ko masoro ka ce za ka share daga baya. Ba ya sharuwa. Kuma akwai hasara ta biyu da ban gani ba sai da aka kwana huɗu. Tunda na niƙe jakar duka, ƙamshin gahawar ya gudu, yajin ne kawai ya zauna daram. Ƙwaya tana riƙe ƙamshinta, gari ba ya riƙewa. Ka niƙa na safiyar nan kawai, sauran ka rufe bakin ledar da kyau ka ajiye nesa da daddawa da busasshen kifi, don tana shan warin maƙwabcinta.

Za ka ce duk wannan ban ɗanɗana ba kafin in kai? Ban ɗanɗana ba. Ko sau ɗaya. Ina ganin abin Bature ne, ba na bakina ba, kuma ina jin nauyin a gan ni da cokali a kofin maigida. Ka ga wauta. Mai miya yana lasa, mai fura yana lasa, ni ina aika abu ban san me na aika ba. Kai ka tsiyayi cokali ɗaya a wani kofi daban ka kurɓa kafin ka ɗauki faranti. In ta yi ɗaci mai kama maƙogwaro, garin ya yi laushi. In ta yi tsami kuma ba nauyi a baki, ya yi girma. Harshenka zai gaya maka inda za ka murɗa tun kafin fuskar Dakta ta gaya maka.

Na bar wanda ya fi ci mini rai a ƙarshe. Tun ranar farko Innarka tana ganina ina dawowa da baƙin hannu ina tsaki. Tana amarya, ba ta cika magana ba. Ran nan ta kawo mini ruwa ta durƙusa, ta tambaya a hankali, wai shin me ake nema ne, gari ko tsaki ko abin da ke tsakaninsu. Na ce mata wannan aikin kamfani ne, ba dakan fura ba. Ta ce to, ta tashi. Matar da tun tana shekara bakwai take tsaye a bakin turmi, wadda ta san bambancin garin tuwo da na kunu da na dambu da na burabusko da ido a rufe, ita na kora, na tafi wurin mai hura inji da baki.

Rana ta tara aka sallame ni. Baturen ba mugu ba ne. An kawo masa sabuwar jaka daga Kano, ya ɗebi ƙwaya cikin tafin hannu biyu ya zuba mini a aljihun kaki, ya sa tafinta ya gaya mini in je in koya. Na dawo gida. Kafin mako ya zagayo duk unguwa ta daina ce mini Isiyaku, sai Kuku. Har gobe akwai tsofaffin da ba su san ni da wani suna ba, kai ma ka sha ji a majalisa ka zaci wasa ne kawai.

Na rataye wandon a ƙusa ban ƙara kallonsa ba. Innarka ce za ta wanke ta ji abu a aljihu. Ta zazzage ƙwayar a kwano. Ta wanke ƙaramin turmi da ruwan zafi ta shanya ya bushe, ta zuba ƙwayar, ta riƙa ba ta taɓarya gajere-gajere, ba irin dukan da nake yi kamar ina rama gayya ba. Ta kawo rariya biyu. Ta fara da mai manyan ido ta dambu, abin da ya ƙi wucewa ta mayar turmi. Sannan ta sa ta tuwo mai ƙananan ido, ƙurar da ta zube ƙasa ta ture gefe. Abin da ya rage a tsakani ta zuba mini a tafin hannu ta ce in murza. Na murza. Kamar yashin rafi ne wanda magina ke tankaɗewa don shafe, kana jin kowace ƙwaya a yatsa amma ba mai tsini, kuma ba ya manne wa fata. Ta shimfiɗa sabon ƙyallen tatar koko a bakin mazurarin gwangwani, na zuba ruwa. Ya sauka a natse, ba gudu ba tsayawa. Ba mu da agogo, carbi ne a hannuna, na ga ya ɗauki zagaye biyu na istigfari da ɗan ƙari. Na kurɓa. Ta Baba Audu ce sak. Na zauna riƙe da kofi a tsakar gida, ga gahawa ta yi, ba wanda zan kai wa.

Na miƙa mata ta ɗanɗana. Ta kurɓa, ta juya ta tofar a gindin zogale, ta goge baki ta ce, "Malam, a kan wannan abin aka kore ka?"

To ga abin da za ka yi. Girman da kake nema yana tsakanin garin tuwo da tsaki, ya ɗan fi kusa da na dambu mai laushi. Ka murɗa noti ka niƙa kaɗan ka murza a yatsa, har sai ka ji yashin rafi. In injin Dakta yana fitar da ƙura da yawa tare da manya, ka sayi ƙaramar rariya sabuwa ka kaɗe ƙurar, kada ka ari ta kicin. Ruwa in ya tafasa ka sauke ka bar shi ya daina haushi kafin ka zuba, kuma ka zuba a hankali kana zagayawa, ba ka kwara a wuri ɗaya ba. Ka riƙe carbinka. In ruwa ya ƙare kafin ka gama zagaye ɗaya, ƙara matsewa. In ka yi uku yana nan zaune, sassauta. Ka ja istigfarin da natsuwa, ba irin na bayan sallar masu sauri ba. Ko gahawar ba ta yi ba ka samu lada.

Kuma ka daina raina wanda ke kusa da kai. In akwai wata dattijuwa mai aiki a gidan ko a maƙwabta, nuna mata garin ka tambaye ta. Innarka ba za ta yi maka magana kai tsaye ba, ka sani. Amma ranar da ka kira, bayan an kashe waya, ta watsa wa kaji tsaki ta ce musu, wasu mutane sai sun mayar da komai kwalli suke jin sun yi aiki. Kajin ba su da injin gahawa.

Sauran abin da ya rage kaɗan ne. Ka tsare sallarka a kan lokaci. Abin da ka gani a firjin mutane ba naka ba ne sai an ce naka ne. Mai gadin nan ka riƙa gaishe shi da safe da yamma, kada ka ɗaure masa fuska, don kowa ɗan'uwansa yake so wa aiki, ni ma da ni ne haka zan yi. In ka zo gida kuma ka riƙa girmama Nafi'u, ka daina aikensa sayen kati da rana tsaka, yaron nan yana da makoma.

Ranar da za ka tafi na fita gona tun da sassafe don kada mu yi sallama. Ka tafi da zaton fushi nake don ka bar ni da girbin gero. Gero ba ya gagarata. Da na ji aikin kuku ne, a gidan mai shan gahawa, sai na ga kaina a kan hanyar nan da aljihu cike da ƙwaya. Ban so ka ɗanɗani abin da na ɗanɗana ba, kuma ban iya faɗa ba.

Allah ya yi maka albarka. Allah ya sa hannunka ya dace, ya sanyaya zuciyar maigidanka a kanka, ya tsare ka a fitarka da shigarka, ya haɗa fuskokinmu da alheri. Amin.

Mahaifinka,
Malam Isiyaku.

Yaya Habu, tsaya, kada ka ninke takardar tukuna.

Ni ne. Nafi'u. Baba bai faɗa mini ko harafi ɗaya daga abin da ka karanta a sama ba. Na san tun wajen gona uku da fadama ɗaya ka fara zargi, amma na san kuma ba za ka iya ajiyewa ba. Labarin Bature wurin Inna na tsinto shi guntu-guntu in Baba ya tafi gona, na cike sauran a majalisar tsofaffi da kuɗin goro. Maganar dalilin da ya sa ya ƙi yin sallama da kai kuwa, ni na zauna na ƙago ta.

Niyyata in aiko maka ka yi ta rusunawa takarda kana amin, in ka zo in yi maka dariya. Sai jiya bayan azahar ina karanta wa Inna a tsakar gida da muryar Baba, har da gyaran murya irin nasa, tana dariya tana ce mini Allah ya shirye ka. Ban ji shigowarsa ba. Ina ɗaga kai na gan shi tsaye a bakin zaure da fartanya a kafaɗa. Na duba katanga na ga ta yi mini tsawo.

Ya jingine fartanya ya zauna a kan turmi ya ce in fara daga farko. Na karanta, wannan karon da muryata. Wurin yaji ya rufe baki da hannu, kafaɗarsa tana motsi. Wurin da na ƙago ɗin nan na yi sauri in wuce, ya ce in maimaita. Na maimaita. Bai ce haka ne ba, bai ce ƙarya ne ba, ƙasa kawai yake kallo.

Da na gama ya ce mun manta abu ɗaya, ni da malamata Inna. Wai kafin a zuba ruwan duka, a fara ɗiga kaɗan ya jiƙa garin kawai, a dakata ya kumbura ya yi kumfa kamar ƙullin ƙosai, sannan a ci gaba. Ya ce Baba Audu ya yi haka a gabansa, sai bayan shekaru ya tuna. Wannan nasa ne na gaskiya, ka riƙe shi.

Daga nan ya tashi ya ɗebo dawa a rumbu, ya soya ta a kasko da kansa, ya daka, ya tankaɗe. Inna tana tsaye tana gaya wa kaji cewa hannun wasu har yanzu da nauyi. Sau uku yana mayarwa turmi. Ƙullin ledar da direban motar Birnin Kudu zai ba ka tare da takardar nan shi ne. Ka murza shi a yatsa ɗaya, ka murza garin injinka a ɗayan, har su zama daidai. Don Allah Yaya, dawa ce. Kada ka dafa wa Dakta.

Da ya ƙulle ledar ya miƙo mini, bai kalle ni ba, ya ce in rubuta wannan yadda ya faɗa, kada in ƙara gishirina:

"Ka ce wa wancan, in ta yi, ya zauna ya riƙe aikinsa, gero na kusa shiga rumbu. In kuma ba ta yi ba, ya hau motar safe ya shigo gida da rana ta ƙofar zaure. Kada ya zauna a tasha yana jiran mutane su watse."

Ban ƙara komai ba. Allah ya kai mu Juma'a lafiya, ya sa mu ji alheri.

Ƙanenka da ya rubuta duka, wanda ya shirya karɓar ranƙwashi,
Nafi'u.